In Na Taka Birki

A gosulon Kurna ta fara yi mini.
Buhu goma sha huɗu na wake daga Dawanau,
rana ta take tsaka,
na ɗora ƙafa kan birki,
sai akori-kurata ta hau gurnani.
Allura ta haura, ta sauko, ta sake haurawa.
Mai adaidaitan gabana ya leƙo da kai:
"Malam, tashi sama za ka yi?"

Na duba ƙafata.
Wallahi kan birki take.

Kwana tara ina yawo da ita kamar mai neman magani.
Tasi'u ya ce filogi ne, muka sauya huɗu.
Ta yi lamo har bakin gareji,
na taka don in ba akuya hanya, ta sake.
Wani yaro a Sharaɗa ya jona mata kwamfuta,
ya daɗe yana latse-latse,
ya ce, "Oga, ba ta nuna komai."
Na biya kuɗin ba-komai, dubu biyar cif.

Ran Laraba a Ƙofar Ruwa,
bayan rumfar masu tsofaffin tayoyi,
na iske Baba Lawandi yana cin gurasa.
Bai miƙe ba.
Ya ce, "Yaushe take yi?"
Na ce, "In na taka birki."
Ya lashe ƙuli daga yatsa:
"To, me ya kai ku filogi?
Ciwo a ƙafa, kuna ɗaure kai."

"Kashe ta.
Taka sau biyar. Riƙe.
Tayar.
Ya nutse?"
Na ce bai nutse ba, ƙiƙam yake kamar turmi.

Ya sa na durƙusa, kaina ƙarƙashin sitiyari,
yaronsa Nafi'u ya danna da hannu,
sai na ji ta,
siririya, siiii,
irin ta taya da ƙusa ta sha da asuba.
Kwana tara tana faɗa mini,
rediyo ya hana ni ji.

Sannan ya buɗe bonet.
Ya kama wani tiyo baƙi, ya matse da filaya.
"Taka."
Na taka.
Injin ya kwanta luf, kamar jaririn da ya ƙoshi.
Ya saki.
"Taka."
Gurnani ya dawo da ƙarfinsa.

"Ka ga baƙin kwanon nan da ke bayan birki?
Akwai roba a ciki, faffaɗa kamar fatar ganga.
Injin ke zuƙe iskar cikinsa,
shi ya sa ƙafarka ba ta wahala.
Yanzu ta tsage.
Kana takawa, tsagar ta wage baki,
iska ta faɗo ba sallama,
injin ya ga baƙuwa, ya ƙaro mai.
Ba hauka take ba.
Numfashin da ba nata ba take haɗiya.
Kuma kar ka sake hawa titi da kaya a haka,
ranar da birkin zai ƙi ka ba ya aiko goro."

Muka yi ciniki da masu kayan gyara har la'asar.
Kuɗin buhu guda ya tafi, har da ɗoriya.

Da dare na kwanta.
Na ce wa raina, tsaya haka nan.
Sai ga kuɗin haya, ga bashin Alhaji Mamuda,
ga maganin Inna da ya ƙare tun Litinin,
ƙirji ya hau gurnani
daidai lokacin da na taka masa birki.
Na lalubi inda zan matse da filaya,
ban samu ba.

Da safe, Kurna, gosulo na nan inda na bar shi.
Na kashe rediyo.
Na taka.
Shiru.
Har ina jin mai rake yana kankara a gefen titi.