Laya Mai Kalma Ashirin da Huɗu

Abin bai fi tsawon ɗan yatsa ba,
baƙi, da ƴar taga kamar idon mage da dare,
maɓalli biyu, ɗaya hagu ɗaya dama.
Tanimun ya aiko shi daga Tamanrasat
a ƙasan kwalin dabino,
da saƙon baka: "Habsu, duba hatimi.
In an taɓa buɗe shi, jefa a masai."

Ba a taɓa ba.

Ran da wuta ta yi mana mutunci a Zango
na jona shi da ordinatar shago.
Manhaja ta buɗe kamar littafin bashi:
ga abin da ya shigo, ga abin da ya fita,
gumin shekara uku a kan tsanin magina
ya narke ya zama lambobi.
Amma littafi ne kurum, ba shi da hannu.
Makullin na cikin ɗan baƙin nan,
kurma ne, bai san hanyar yanar gizo ba.

Sai ya fara furta kalmomi ta tagarsa,
ɗaya, ya jira ni, sannan ɗaya,
da yaren da ko a lakwal ban so ba.
Na rubuta da biro, na sake ƙirgawa.
Ashirin da huɗu.
Hannuna ya kai ga salula don hoto,
na buge shi da ɗaya hannun.

Baba ya shekara arba'in a Birni
yana ɗinke layun mutane,
bai taɓa buɗe takardar kowa ba.
Ya ce, "Wane malami ya ba ki?"
Na ce, "Inji ne, Baba."
Ya lashi zare, ya ce, "To, ba ruwan basilla."
Jar fatar akuya, ninki uku,
ɗinki ƙanana kamar haƙoran ɓera.

Wata biyar lafiya lau.
Sai wani dare, bayan lisha, waya.
Murya mai santsi kamar man shanu,
Faransanci wankakke, ya san sunana:
wai daga kamfani ne, wai ɓarayi sun shigo,
wai saura minti kaɗan,
in karanto kalmomin su rufe ƙofa.

Ba zan ɓoye ba, na tashi.
Na nemi reza a kan taga, babu,
a kwandon ɗinki, babu.
Na sa haƙori, ɗinkin Baba ya ƙi.
Ina ja, yana "Madam, yi sauri,"
ina ja, fata na ɗaci a bakina,
har hankalin da ya fita yawo ya dawo:
yaushe mai gadin gida
ya taɓa roƙon makulli ta bayan katanga?

Na kashe waya.
Na zauna ƙasa ina dariya, gwiwa na rawa.

Yanzu in Tanimun ya ce a sayi siminti,
ba na gaggawa.
In jona, in sa lambar sirri ba kowa a bayana,
in dubi adireshi a babban allo,
in dube shi a ƴar taga, harafi harafi,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
don babban allo yakan yi ƙarya.
In tura na jika guda tukuna,
kamar mai ɗanɗana miya.
In ya isa, sannan in danna biyun tare.

Mai canji a kasuwar Dole ya ƙirgo sefa,
amalanke ta ɗauki buhu goma.
A Garin Malam, tsakanin duwatsu,
bango ya kai kafaɗa, ba taga tukuna.

Ɗan baƙin na iya faɗawa randa,
ordinata na iya mutuwa gobe,
ba abin da zai ragu.
Layar ce. Shatin haƙorana na nan a kanta.

Ina take?
Tanimun ya sani, na sani.
Wannan waƙar ba ta sani ba.