Daren Ɗaure Kaya

Ƙarfe tara ta gota a Sabon Gari.
Tun la'asar aka ɗauke wuta.
Janareton mai kifin ƙanƙara yana ta tari,
ni kuwa tocila a baki,
ina naɗe faifan sola goma sha biyu
da tsohon bargo da igiyar roba,
a hankali, yadda ake juya mai karaya.

Da asuba Sallau direba zai iso.
Gwarzo, Funtuwa, a yi ta nausawa yamma
har Yawuri, inda kwalta ke sauke mutum
ta ce: ga ruwa nan, ku ƙarata.
Daga nan sai kwalekwale.
Batir ɗaya, ƙarti biyu ke ɗaga shi.
Ni ɗan Fagge ne,
ruwan da na sani na kurar ɗan garuwa ne,
ban iya iyo ba,
ban kuma faɗa wa kowa ba.

Saƙon muryar Gwamma ungozoma yana wayata.
Sai da ta haye ruwa ran kasuwa,
ta biya kuɗin caji,
ta jira layi, kafin ta aiko shi:
"Malam, mu ba kallo muke nema ba.
Ƙwai ɗaya a ɗakin haihuwa.
Na gaji da yanke cibi da lalube,
na gaji da tambayar yatsuna
ko wannan jini ne ko ruwa."
A bayan muryarta ana cinikin banda,
wani yana rantsuwa bai ci riba ba.

Na saurara sau bakwai.
A na bakwai ne na ji abin da ta faɗa can ƙasa-ƙasa,
cewa gonar kakanta tana ƙarƙashin tafkin,
da kukar, da maƙabartar,
tun shekarar da aka datse kogi.
Ruwan da ya shanye su
shi ke juya injin da ke haska birane,
su kuwa sai hango turaku daga nesa
suna wucewa da wayoyinsu a kafaɗa
kamar fataken da ba sa sallama.

To ashe ba kyauta zan kai ba.
Fankar da na yi barci ƙarƙashinta ina yaro,
ƙanƙarar da muka sha ruwa da ita a azumi,
ashe akwai mai su.
Bashi ne, ya daɗe,
an manta har da wanda ya ci.

Ɗazu Hansatu ta kira:
"Tela ke nan, wandonsa a yage.
Ka kai wa mutanen ruwa haske,
'ya'yanka na jinga da fitilar waya."
Na ce ki yi haƙuri.
Ta ce haƙurin ma sai an yi masa caji.
Muka yi dariya, amma ba duka ba.

Nalado yaron shago ya ƙirga ƙwayaye,
arba'in ba ɗaya,
ɗayan ya fashe a Ƙofar Ruwa.
Ya rubuta a bayan kwali,
ya yi hamma, ya ce oga,
in hadari ya rufe musu rana fa?
Na ce sai su yi abin da muke yi: jira.

Yini uku batiran nan na kan rufin shago
suna shan ranar da ta ƙona mana ƙeya,
wadda 'yan adaidaita ke zagi a danja.
Ita ce a ciki yanzu, ta yi lamo.
Daren farko a gungu,
kafin tasu ranar ta fito ta karɓi aiki,
ranar Kano ce za ta tsaya wa Gwamma.

Na jona waya biyu don gwaji.
Ƙwan ya kama.
Na ga ƙurar kanta, na ga tsagar bango,
na ga fuskar Nalado, ashe yaro ne ƙwarai.

Na yi maza na kashe,
kada in ci musu.