Farin Zare

A Muncar, kafin ladan ya yi kiran farko,
jiragen masunta sun riga sun dawo,
ni kuma, Sumirah, na cusa gashina cikin hula,
na tsaya a layi na huɗu, kusa da famfo.
Shekara goma sha ɗaya ni da hantsakin nan.

Ana farke cikin kifi a turo mini,
in ɗaga shi ga hasken fitila.
Sai ga ta a naɗe kamar gammo,
fara, siririya, zaren allura ya fi ta ƙiba.
Ba ta san ni ba, ba ta nufe ni da sharri ba.
Teku ce ta haife ta, kifi ya haɗiye ta,
tana jiran wani ciki babba a can ƙasan ruwa,
sai ta faɗo hannuna.

Da can faranti ashirin muke dubawa a awa.
Bara Pak Wiryo ya zo da takarda: talatin da biyar.
Na ce masa idona ba inji ba ne.
Ya ce a bakin ƙofa akwai mata masu sababbin idanu.
Na haɗiye sauran maganar.
Kifi na ganinka, mai jar koma.

Kifin ma ya canza.
Ba na tekunmu ba ne, a kwali yake zuwa, sandararre,
da rubutun da ko mai gadi bai iya karantawa ba.
Wa ya san awa nawa ya yi a kwance kafin ya ga ƙanƙara?
In kifi ya jima, tsutsa takan bar hanji ta shige tsoka,
can inda hantsaki ba ya kai wa sai da natsuwa,
natsuwa kuwa an cire ta daga takarda.

Sai wata mata a wani birni mai nisa
ta buɗe gwangwani, ta juye a kan shinkafar 'yarta,
ta ga farin zare yana iyo a jan tumatir.
Ta ɗauki hoto.

Masu fararen riguna suka zo da safar hannu.
Ɗaya ya ce zafin tukunyar tururi ya kashe ta,
matacciya ce, nama ce a cikin nama.
Ɗaya ta ce ko gawarta takan tayar wa wani borin jini,
maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya yi wuya.
Wataƙila duk gaskiya suka faɗa.
Ni dai na san babu wanda ya kai kuɗinsa kanti
don ya sayi tsutsa.

Motocin da suka fita da kaya suka dawo da shi.
Aka rufe ƙofa mako uku.
Maimakon albashi, kowa kwali ɗaya.

Yanzu da magariba nakan shimfiɗa farin faranti,
Gilang ya riƙe mini tocila,
in bare tsoka sala-sala, ba mai ƙirga mini awa.
Maƙwabta sun ji, suna kawo nasu.
Gwangwani ɗaya, kwata na awa.
Haka aikin yake so tun asali.

Daren jiya na same ta, a naɗe kusa da ƙaya.
Na juya gindin gwangwanin, na karanta lambar:
layi na huɗu, Talata, aikin safe.

Gilang ya ce, Mama, wa ya bar ta ta wuce?

Na zuba masa shinkafa da gishiri da soyayyen ƙwai.
Na ajiye ta a gefen faranti, inda zan riƙa ganinta,
na jawo kifin gabana,
na yi bisimilla.