Ƙusa a Gwallameji

Wata goma sha ɗaya jakar nan na goye a bayana.
Ruwan Kumasi ya jiƙa ta, ta kwana a tashar Faraku,
ta zame mini matashi cikin kwalekwale a Gaya.
Yau ga ta rataye a ƙusa, ɗakin haya, Gwallameji,
ciki ya faɗa kamar akuyar da ta haihu jiya.

Ni ma an rataye ni.
Takwas na safe lacca a Yelwa, biyu ɗakin gwaji.
Ƙafar da ba ta taɓa neman izinin kowa ba,
yanzu takardar bango ke gaya mata inda za ta.

Na ce lakwal, aji ya kwashe da dariya.
Na ce wa mai masa ta ba ni ta jaka guda,
tana lissafi da naira, ni da sefa,
muna kallon juna har ta kan tanda ta ƙone.

Da dare in tirela ta yi nishi a hanyar Dass
tafin ƙafata ya fara ƙaiƙayi.
Babayo ya juya kan katifa: "Baƙo, kwanta,
gobe akwai gwajin lissafi."

Inna ta kira daga Damagaram: ka zauna?
Na ce, to, Inna, ranar Asabar na shiga Wunti
na sayi bokiti da turmi ƙarami.

Ta yi shiru. Ta san jakar.
Ta san ba za su shiga ba.