Usur da Tocila

Kwana goma sha huɗu aka horar da mu
a bayan wani sito a Asokwa.
Tsohon Saja Boakye, mai ɗingishin hagu,
ya buga allo da kulki ya ce:
"Kakin nan na kamfani ne, ba na gwamnati ba.
Bindiga ba rabonku ba ce.
Hannunku na riƙo ne, ba na hukunci ba.
Wanda kuka kama yana cikin ɓarna,
ku miƙa shi caji ofis tun zufarsa ba ta bushe ba."

Inusa ya raɗa mini a kunne:
an ba kare haushi, an hana shi cizo.
Na yi dariya, na karɓi usur, na karɓi tocila,
da littafi mai bangon shuɗi.

Wata bakwai ina gadin shagon wayoyi a Adum,
ni da sauro da rediyo mai tari.
Daren Talata, uku saura kwata,
na ji kwado yana kuka ƙarƙashin zarto.
Na haska. Saurayi ne, siriri kamar kara,
silifas ɗaya, ɗayan ya gudu ya bar shi.
Na damƙi tsintsiyar hannunsa, na busa usur.

Kaico, usur ba ya zaɓen wanda zai ji!
Masu dako suka taso daga kwalinsu,
wani da katako, wani da taya,
wani yana tambayar ina fetur.

Sai na ga abin da Saja bai rubuta a allo ba:
hannun da ya kama
shi ne kuma katanga.
Na tura yaron bayana, na tsaya a bakin ƙofa.
Dutsen farko a kafaɗata ya sauka.
Na ce: nawa ne, sai hukuma ta zo.
Ina jin haƙoransa suna kaɗawa a gadon bayana.

Motar sintiri ta iso da kiran assalatu.

Da safe mai shago ya duba kwadonsa,
ya ce, ko mari ɗaya ban yi masa ba?
Ban amsa ba. Na buɗe littafi na rubuta:
Mutum ɗaya, an miƙa shi da ransa.
Na ɗauki silifas ɗin na jingine a bango,
na hau motar Aboabo, kafaɗa tana zogi.