Tela da Taswira

Hansatu ta dawo hutu daga Gadau
da littafi mai kaurin bulo,
ta zauna kan buhun ƙyallaye a shagona na Wunti
tana haddar abin da ya ƙi haddatuwa.
Na ce, me ake koya muku haka?
Ta ce, Baba, hulɗar ƙasa da ƙasa.
Malaminmu ya ce gaba da ƙawance ba tsirowa suke yi ba,
gina su ake yi, da baki da zato da sabo.
Na ce, ashe ɗinki ne.
Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Shekara talatin da ɗaya ina taka keken nan.
Bandir guda na farin yadi na taɓa rabawa uku:
kashi ɗaya ya zama rigar 'yan firamare,
ɗaya ya raka wata tsohuwa kabari,
na ukun na haɗa shi da kore biyu,
aka ɗaga shi a sanda ranar ɗaya ga Oktoba,
kurtu ya ƙame, ya sara masa.
Yadin bai san an sara masa ba.
Ni kuwa na san kuɗinsa, har ragin da aka yi mini.

Ta ce, makami fa? Makami ai ba zance ba ne.
Na nuna mata Ɗanjuma mahauci a tsallake,
wuƙa shida a teburinsa, yara na langa a gefensa.
Amma tun da muka ɓata da Sallau kan kuɗin adashi,
ko allura na gani a hannunsa
sai na gyara zama.
Allurar ba ta ƙara tsawo ba.
Abin da ke tsakaninmu ne ya yi tsini.

Gonarmu ta Tirwun, kin san ta.
Gamba ce kawai ta raba mu da gidan Bappa Jauro,
layi guda, akuya ma na ƙetarewa ba sallama.
Kakana da kakansu suka tsaya wata safiya
suka ce, nan.
Nan ɗin ya shekara tamanin.
Ranar da ɗayanmu ya ce ba nan ba,
gamba ta koma ciyawa,
mu kuma sai gaban alƙali,
ko abin da ya fi alƙali ɗaci.

Kin tuna canjin kuɗi?
Na kwana da dubu arba'in ƙarƙashin katifa,
da safe mai koko ta ƙi karɓar ɗari biyar.
Takardar tana nan, hoton bai gusa ba,
yarda ce ta fice cikin dare ba ban kwana.
Da aka ce a ci gaba da karɓa
ta dawo tana sunkuyar da kai.

Hansatu ta rufe littafi, ta ce,
in haka ne a warware duka mana, a sake.
Na ce, sannu dai.
Don an ɗinka abu bai zama ƙarya ba.
Sa rigar ki fita, ki ga ko ba ta tare sanyi.
Farke ta aikin reza ne da haƙuri,
zare bayan zare,
kuma sawun allura ba ya gogewa.
Na sha buɗa wa mutum rigar da ta matse shi,
amma sai da sauran yadi a ciki,
kuma sai ya yarda ya tuɓe.

Ta ɗauki biro, ta tsaya.
Wa zan ce ya faɗa? Malam na son suna da shekara.
Na ce, rubuta: tela, Wunti, bana.

Aka ɗauke wuta.
Na mayar da bel, na koma takawa da ƙafa.