Muciya Mai Tsaga Biyu

A gidanmu na Herwagana faranti ɗaya ne,
babban nan da gefensa ya lotsa,
hannu biyar, bakwai in an yi baƙi.
Ta yatsu na san 'yan'uwana:
Bappa Jibir na yankar tuwo kamar mai aza tubali,
Sa'adu na mirgino nama gabansa, wai gangarowa ya yi.

Shekara uku cikina na ƙugi.
Na rame har wandon da na ɗinka wa kaina
ya ƙi zama a ƙugu.
An ce basir, an ce shawara,
wata maƙwabciya ta rage murya ta ce hannu ne.
Na sha sassaƙe, na sha jiƙo mai ɗacin maɗaci,
kafin wata likita mai tabarau a asibitin tarayya
ta juya takarda ta ce, alkama ce.
Na ce, ta burodi?
Ta ce, ta burodi, ta taliya, ta funkaso,
ta cincin ɗin salla,
har ƙurarta da ke maƙale a idon rariya.
Babu ƙwaya, babu allura.
Rabuwa ce, kuma ba kome.

Aka saya mini kwano shuɗi mai murfi.
Daren farko na zauna a bakin tabarma,
tsakanina da faranti taku ɗaya,
amma ya fi mini nisan Dukku a ƙafa.
Bappa bai dube ni ba.
Yau kwano, in ji shi, gobe katanga.
Mu da muka ci gurasa da ƙasarta, ga mu nan.

Ban san alkama ɓarauniya ce ba sai da na soma gadi.
Tana shiga ɗanwake ba sallama.
Tana kwana a man da aka soya fanke,
da safe ta hau ƙosaina.
Injin Ɗanjuma ya niƙa ta da hantsi,
masararmu ta biyo baya da azahar,
ni kuwa na kwana biyu ina safa da marwa
tsakanin ɗaki da bayan gida,
ɗinkin mutane na jibge a kan keke.

Goggo Dija ba ta iya karanta bayan leda ba,
sai ta ɗauki wuƙa ta yi wa muciya tsaga biyu,
ta ɗaura wa ludayi jan zare,
ta koma daddawa, ta ce dama ita ta sani.
In jikoki sun rugo da burodi a hannu
takan daka tsawa, ku yi can, tukunyar Haladu ce!
Sai in ji daɗi, sai kuma in ji kunya,
ƙato da gemu ana tsare masa tukunya.

A gidan biki har yanzu ana tura mini alkaki.
Ɗan ɓalli dai, ai ba ya kisa.
Na gaji da bayani, nakan ce na ƙoshi.

Wata Asabar na hango Bappa a kan kekensa,
buhu a baya, ya wuce injin Ɗanjuma bai tsaya ba.
Har Bolari ya je, inda ba sa niƙa komai sai masara da dawa.
Bai faɗa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Da magariba ya wanke hannu da sabulu,
ya sāke wankewa,
ya jawo gwiwa zuwa bakin tabarma
ya buɗe shuɗin kwanon nan kamar nasa.
Matsa, ya ce, wannan tuwo ya fi ƙarfin mutum ɗaya.
Kuma miyarka ba gishiri.

Da asuba, in iska ta kwaso ƙamshin gidan burodi,
har yau nakan tsaya a ƙofar masallaci,
takalmi ɗaya a ƙafa,
in shaƙa, in shaƙa,
sannan in sa ɗayan.